Me ke sa rago tunkuyi, tunkiya ta ƙi ɗanta? Tambayoyi da amsoshi kan ƙwaƙwalwar dabbobi

Tambayoyin da ke biye irin waɗanda masu kiwo ke yawan kawowa ne, maza da mata, daga ƙauyukan Gumel da Ringim zuwa na Ɗambatta da Wudil. Wani ragonsa ne ya addabi yara da tunkuyi, wata tunkiyarta ce ta haihu ta juya wa ɗan baya. Galibi mukan ce halin dabbar ke nan, mu rufe zance. Amma halin yana da mazauni a cikin kai, kuma abu uku ke karkata shi: abin da ya shiga hancin dabba, sinadaran da ke yawo a jininta, da abin da ya taɓa samun ta a baya. Mai kiwo yana da hannu a cikin ukun duka, ko ya sani ko bai sani ba.

Malam, wai dabba ma tana yanke shawara ne? Mu dai ilhama muka sani.

A shigo da baƙuwar akuya gida, a zuba wa bunsuru ido. Yana iya sunsunar ta, ko ya hau ta, ko ya kai mata karo, ko ya ja gefe, ko ma ya yi biris ya ci gaba da cin dusarsa. Duk jikinsa na iya yin su, amma ɗaya kaɗai zai yi a lokaci guda. Fitar da ɗayan nan shi masana ke kira shawara. Ba su ce ya zauna ya yi nazari irin na mutum ba.

Masu aikin su ne ƙwayoyin jijiya. Kowace tana karɓar saƙo daga tarin 'yan'uwanta, ta miƙa wa na gaba ta hanyar ɗan motsin lantarki da sinadari. Wani saƙon na zuga ne, wani na hani. Mutum yana da irin ƙwayoyin nan kimanin biliyan 86, ɓera wajen miliyan 70. Jerin ƙwayoyin da ke haɗe suna aiki tare, shi za mu riƙa kira layi.

Batun ilhama kuwa babu saɓani. Suratun Nahli ta ambaci ilhamar da aka yi wa ƙudan zuma ta gina gidajenta. Masu bincike suna bin sawun hanyar da abin ke bi a jiki ne kafin ya fito a aikace.

A wane ɓangare na ƙwaƙwalwar abin yake?

Ba a saman nan mai lanƙwashe-lanƙwashe da ake gani idan mahauci ya fasa kan rago ba. Can ƙasa ne, kusa da gindin ƙwaƙwalwa, a yankin da ake kira haifotalamos, da maƙwabtansa irin su amigdala, wadda saƙon wari da na tsoro ke ratsawa. A 1999 wata masaniya mai suna Sarah Newman ta nuna cewa wasu gungu shida na ƙwayoyin jijiya a wannan sashe haɗe suke da juna, kowanne yana jin sinadaran maza da na mata, kuma babu wanda aka keɓe wa aiki ɗaya. Kamar fadar dagaci ne: fuskokin da ke zaman rikicin gona su ne dai a zaman sulhun aure, abin da ke sauyawa shi ne muryar wa ta rinjaya a ranar.

A 2012 masu bincike biyu a Jami'ar Teksas suka kwatanta ƙwaƙwalwar dabbobi iri 88, daga kifi da kwaɗi zuwa tsuntsaye da masu shayarwa, suka tarar tsarin kusan ɗaya ne. Shi ya sa abin da aka gano a ɓera yake da amfani ga mai tumaki.

Ta yaya aka sani, tunda dabba ba ta magana?

Da taɓa wurin ne a ga abin da za ta yi. Walter Hess, wani likita ɗan Suwizalan, ya riƙa zura siririyar waya cikin haifotalamos ɗin kyanwa yana ba ta ɗan lantarki. Kyanwar da ke kwance lafiya sai gashinta ya tashi, ta yi huci, ta fito da farce. Wannan aiki ya ba shi kyautar Nobel a 1949. Aibin lantarki shi ne yana tada duk abin da ke kusa, ba ya zaɓe.

A 2005 aka samu mafita a Jami'ar Stanford. Akwai wata ƙaramar gansakukar ruwa mai furotin da ke jin haske. Aka koyi dasa furotin ɗin a cikin ƙwayoyin jijiyar da ake so kaɗai, a sa siririn zaren gilashi a kan ɓera, a haska shuɗin haske, ƙwayoyin nan su kaɗai su motsa. Da wannan dabara Dayu Lin da David Anderson, a Kaliforniya, suka taɓa wani ɗan gungu a haifotalamos a 2011, wanda faɗinsa bai kai milimita 1 ba. Ana kunna haske sai namijin ɓera ya afka wa duk abin da ke gabansa: namiji, mace, har safar hannu ta roba da aka hura wa iska. Da aka toshe gungun kuma, sai faɗa ya ragu ƙwarai ko da an jefo masa baƙon namiji.

Me ya sa namiji ya fi faɗa lokacin barbara, kuma me ya sa dandaƙa ke kwantar da shi?

Domin faɗa da barbara maƙwabtan juna ne a cikin kai, har wasu ƙwayoyin ma tarayya suke. A 2014 aka koma wancan gungun da haske: idan aka haska kaɗan, ɓeran sai ya yi sunsuna ya hau, aka ƙara ƙarfin hasken, sai ya koma cizo. Kuma yayin da namiji ke kan mace, ƙwayoyin faɗan sukan yi shiru, ma'ana akwai layin da ke danne su. Ragon da ke zagaya tunkiya ya juyo ya maka wa ɗan'uwansa ƙaho, ba hankalinsa ne ya gushe ba, rinjaye ne ya koma ɗaya gefen.

Sinadarin testosteron da 'ya'yan maraina ke fitarwa shi ke sa layukan nan saurin kamawa. Ba shi ke cewa "kai masa karo" ba, yana dai rage yawan tsokanar da ake buƙata. Amalen raƙumi da ke kumfa yana cizo lokacin sanyi, sinadarin ne ya yi sama. Tun 1849 wani Bajamushe, Arnold Berthold, ya nuna cewa zakaran da aka yi wa fiɗiya yana daina cara da faɗa, in an mayar masa da gaɓar a ciki kuma su dawo.

Sai dai mai shanun huɗa ya lura: san da ya girma ya saba da faɗa ba ya mantawa don an dandaƙe shi. Layin da aka daɗe ana bi ya riga ya yi ƙarfi. Taure mai sanyin hali, yawanci tun yana ƙarami aka yi masa.

Ranka ya daɗe, tunkiyata ta haihu ta ƙi ɗan, tana ta tunkuɗe shi. Mugunta ce?

A'a, Inna. A duk tambayoyin nan babu wadda aka yi wa bincike kai tsaye a kan tumaki kamar wannan, a Faransa da Ingila, tun shekarun 1980.

Tunkiyar da ba ta kan haihuwa ƙyamar ruwan faya take yi. A ɗiga shi a abincinta, ba za ta ci ba. Amma yayin da ɗan ke ratso hanyar haihuwa, miƙewar bakin mahaifa tana aika saƙo zuwa haifotalamos, a saki sinadarin oksitosin a cikin ƙwaƙwalwa. Nan take ƙyama ta koma kwaɗayi: ta hau lasar ɗan, tana wannan ƙaramin gurnani da ba a jin ta da shi sai a wannan lokaci. Tana lasa, sashen ƙwaƙwalwa mai karɓar wari yana haddace warin ɗan. A farko kowane sabon ɗa aka miƙa mata za ta karɓa. Cikin sa'o'i 2 zuwa 4 ƙofar ta rufe, daga nan nata kaɗai ta sani, baƙo ya sha ƙaho.

Saboda haka duk abin da ya shiga tsakaninsu a sa'o'in nan yana iya ɓata lamarin. Yara su ɗauke ɗan suna wasa da shi. A goge shi tas da tsumma, ko a wanke shi don tausayi. Kare ya firgita ta. Tagwaye ne, ta tsaya kan na biyu, na farko ya rarrafa ya shiga cikin garke. Haihuwar fari ta fi wannan matsala, domin layin bai taɓa aiki ba. A haihuwa ta biyu abin yakan ragu. Tunkiyar da ta sha yunwa da ciki, ko ta wahala wajen haihuwa, ita ma takan yi sakaci.

Abin yi: a keɓe su su biyu a ɗan lungu mai inuwa, a bar jikin ɗan da damshinsa. Idan ta riga ta ƙi, a ɗaure ta a turke, a riƙe ta ɗan ya sha dakashi da wuri, a riƙa maimaitawa na wasu kwanaki. Da yawa sukan sauko. Maraya kuma, a shafe shi da ruwan fayar wadda ta haihu yanzu-yanzu a miƙa mata tare da nata. Makiyaya a ƙasashe da dama suna lulluɓa wa maraya fatar ɗan da ya mutu, kuma dalilin ɗaya ne.

Wani abin mamaki: layin renon nan har maza suna da shi. Namijin ɓeran da bai taɓa barbara ba kashe jarirai yake yi. In ya yi barbara, bayan kamar mako 3, daidai lokacin da nasa za su zo, sai ya koma yana lasar su. Catherine Dulac ta Jami'ar Harvard ta gano ƙwayoyin da ke wannan aiki a 2014. Da aka haska su a kan namijin da bai taɓa barbara ba, sai ya fasa cizo ya kama lasa.

Saniya kan ɓoye nono idan babu maraƙi, ko idan baƙuwa ce ta zo tatsa. Da gangan take yi?

Oksitosin ɗin ne dai. Ganin maraƙi da warinsa da tsotsonsa su ke sa a sake shi cikin jini, ya matse hantsa nono ya sauko. Shanunmu masu tozo, Bunaji da Rahaji, sun fi shanun Turai dogaro da maraƙi a wannan. Tsoro da tsawa da duka suna tada wani sinadarin da ke tare wancan. Bafulatanar da ke fara sakin maraƙi ya ɗan tsotsa kafin ta sa ƙwarya ta san aikinta.

Me ya sa bunsuru ke ɗaga leɓe sama idan ya sunsuni fitsarin akuya?

Yana da hanci na biyu, wasu 'yan bututu biyu a saman ganɗa. Ɗaga leɓen yana tura ruwan cikinsu, saƙon ya wuce amigdala da haifotalamos, ya gane ko akuyar tana neman barbara. Rago da sa da doki duk suna yi. A 2002 aka kashe wannan gaɓa a jikin mazan ɓeraye, sai suka daina faɗa da maza, suka koma hawan duk wanda suka samu.

Shi ma warin bunsurun aiki yake yi a kan mata. Masu bincike a Jami'ar Tokyo sun ɗinka wa bunsuraye wata hula mai tsotse iska, suka tara abin da ke tashi daga kansu, a 2014 suka ware sinadarin da ke tada layin haihuwa a ƙwaƙwalwar akuya. Tumaki ma haka. In aka raba mata da rago kamar wata guda, ba gani ba jin wari, sannan aka sako shi, da yawansu sukan nemi barbara kusan lokaci ɗaya. Tunda cikin tunkiya wata 5 ne, mai lissafi zai iya saita haihuwa ta faɗo lokacin da harawa da ƙowa suka wadata.

Muna sa wa kaza ƙwan zabo ta ƙyanƙyashe, 'ya'yan su bi ta. Ba su san ba uwarsu ba ce?

Ba su zo duniya da hoton uwa a kai ba. Sun zo da layin da ke haddace abu mai motsi da suka fara gani a kwanakin farko, shi za su bi. Konrad Lorenz, wanda 'ya'yan dinya suka riƙa bi a baya, yana cikin waɗanda aka ba Nobel a 1973. Ita kuma kazar, sinadarin furolaktin ne ya sa ta kwanci, ba ta tambayar ƙwan wa ne.

Abin yana da tsawon wutsiya a dabbobin gida. A 1998 Keith Kendrick da abokan aikinsa a Ingila suka ba awaki renon 'ya'yan tumaki, tumaki renon 'ya'yan awaki. Mazan da suka girma sai suka fi son matan irin uwar da ta rene su. Ga kuma amsar masu kukan ragon gida mai tunkuyin mutane: maraya da aka shayar da kwalba, yara suna tura masa goshi ana dariya, ya tashi ba ya shakkar mutum, yana ɗaukar sa abokin karo. Wasan goshi da ɗan rago, ni dai ban ga ranar da ya yi daɗin ƙarshe ba.

Ta yaya suke sanin babba da ƙarami a garke?

Da gwaji, sannan da tuni. Wani ɗan Nowe, Thorleif Schjelderup-Ebbe, shi ya fara rubuta tsarin wa ke saran wa a cikin kaji, a farkon shekarun 1920. A 2017 Hailan Hu ta Jami'ar Zhejiang a ƙasar Sin ta sa ɓeraye biyu-biyu cikin siririn bututu, dole ɗaya ya tura ɗaya baya. Da ta haska wani sashe na gaban ƙwaƙwalwar ɓeran da ke ƙasa a matsayi, sai ya dage ya ture na sama. Wanda aka sa ya ci sau da yawa a jere ya ci gaba da ci ko babu haske. Nasara kan ƙarfafa layin nasara.

Matsayi har jiki yake sauyawa. Akwai wani kifi ɗan'uwan karfasa a tafkin Tanganyika: a cire shugaban, cikin mintuna wani namijin ya rine da launi mai haske, cikin kwanaki ƙwayoyin jijiyar da ke kula da haihuwa a ƙwaƙwalwarsa su ƙara girma. A katangar gidanku ma, jan gwada mai jan kai sosai shi ne mai wurin.

Wanda ya sayo raguna daga Maigatari ranar Alhamis ko Wudil ranar Juma'a ya haɗa su da na gida, ya san sai an sake rabon matsayi. A fara haɗa su a matsattsen wuri inda babu filin ja da baya a sheƙo, a kuma raba kwanon abinci.

Ragon layya da na ɗaure shi kaɗai sai kuka yake, ba ya cin kirki.

Kaɗaici ciwo ne ga tunkiya. A 2001 Kendrick ya nuna cewa tumaki na iya tuna fuskokin 'yan'uwansu 50 sama da shekara 2. A 2004 aka keɓe tumaki ɗai-ɗai, zuciyarsu na bugu, suna kuka; da aka nuna musu hoton fuskar tunkiya kawai, bugun ya sauka, kukan ya ragu. A ɓeraye kuma an gano a 2018 cewa keɓewar mako 2 tana tara wani sinadari a ƙwaƙwalwa mai ƙara tsoro da faɗa. A ɗaure masa aboki inda zai riƙa ganin sa, ko da tsohuwar tunkiya ce.

Farin dango fa? Su ma ƙwaƙwalwa ce ke tara su?

Farar hamada ita kaɗai take yawo, tana gudun 'yan'uwanta. Idan ciyawa ta bushe suka matsu wuri ɗaya, ƙafafunsu na baya suna gogar juna, cikin kamar sa'a 2 sai ta koma neman taro. Binciken 2009 na jami'o'in Oxford da Kambirij da Sidni ya nuna sinadarin serotonin ne ke ninkawa kusan sau 3 a dunƙulen jijiyar ƙirjinta. Aka toshe shi, taron bai yiwu ba.

Kare mai hauka, me ya same shi?

Ƙwayar cuta ce da ke shiga ta cizo, ta bi jijiya a hankali har ƙwaƙwalwa, ta dagula layukan tsoro da faɗa. Karen da ke gudun mutane ya daina gudu, mai lafiya ya koma cizo, yawunsa cike da cutar. Shanu da awaki da jakuna ma suna kamuwa. Ana ƙiyasta tana kashe mutum 59,000 a shekara a duniya, kusan duk ta cizon kare. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, ya tafi asibiti a ranar don allura. In aka jira alamu suka fito, kusan babu mai tashi.

To tunda oksitosin ne, ba sai in sayi allurar in yi wa tunkiyar da ta ƙi ɗa ba?

Kada ka yi, Alhaji. Sinadari ɗaya ba ya ɗaukar hali shi kaɗai. Akwai wani ɓeran daji a Amurka da ke zama da mace ɗaya, wanda aka daɗe ana kafa hujja da shi cewa oksitosin ne sirrin shaƙuwa. A 2023 aka samar da irinsa marasa makarɓar oksitosin gaba ɗaya, sai ga su suna shaƙuwa da juna, suna renon 'ya'ya.

Sannan ƙwaƙwalwa tana da shinge tsakaninta da jini, allurar da aka yi a cinya kaɗan ne ke ƙetarawa. A gwajin da aka yi wa tumaki a 1987, sai da aka zuba sinadarin cikin ruwan ƙwaƙwalwa kafin suka nuna reno. Ta jijiyar jini bai yi ba. Allurar da ke kantin magani aikinta matse mahaifa da sauko da nono, kuma malamin dabbobi ke yin ta bayan ya duba. In aka yi wa mai naƙuda alhali bakin mahaifa bai buɗe ba, ko ɗan ya zo a gicciye, mahaifar na iya yagewa, a rasa uwa da ɗa.